Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan karkara da karatun aikin lafiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu uku muka zaɓo yau, kuma duk a kan magana ɗaya suke.

Ta farko daga wani malamin kimiyya ce a wata sakandaren karkara. Ya ce yana da ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma da ya ambaci jami'a sai su sunkuyar da kai, su ce ai wannan ta 'ya'yan masu hali ce. Yana tambaya, yaya zai yi ya zaburar da su?

To Malam, Allah ya saka da alheri. Fara da gaya musu gaskiyar da ba kowa ke gaya musu ba: duniya na nemansu ruwa a jallo. A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan ƙarancin ma'aikatan lafiya a karkara. Ta nuna cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke zaune, amma likitocin da ke aiki a can ba su wuce kashi 24 cikin ɗari ba, ma'aikatan jinya kuwa kashi 38. Cikin abubuwan da ta ba ƙasashe shawara har da ware gurabe a makarantun koyon aikin lafiya domin 'yan karkara, saboda wanda ya tashi a ƙauye ya fi saurin komawa ƙauye ya yi aiki. Ta sake jaddada wannan a 2021.

Amma Malam, alƙaluma kaɗai ba sa ɗaga kan yaro. Gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa zama da ma'aikacin lafiya sun yi hira ba, sai dai ya gan shi ranar da aka kai mahaifiyarsa asibiti ranga-ranga, ina zai iya hango kansa a cikin farar riga? Ka gayyato nas ko ungozomar asibiti mafi kusa ta zo aji, musamman wadda ita ma a ƙauye ta tashi. Kada ta yi lacca. Ta faɗi jarrabawar da ta taɓa faɗuwa da yadda ta samu kuɗin rajista. Sannan ta sa kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun abokin zamansa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30, ya ninka sau biyu. Na babban mutum yana hutawa yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti. Ka dubi fuskar yaro lokacin da ya ji jijiyar tana harbawa a ƙarƙashin yatsunsa. Ni a ganina wannan minti ɗayan ya fi wa'azin zango guda.

Kuma ka fara da wuri, tun kafin su zaɓi darussa. Yara da yawa ba jarrabawa ce ke kayar da su ba, rashin labari ne: sun ajiye kemistiri ko fizis ba su san ana buƙatarsu ba, ko kuma ranar rufe cike fom ta wuce ba wanda ya faɗa musu. Ka rubuta ranakun a jikin allo, ka zauna da su ku cike tare.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe. Ta ce makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, madubin ganin ƙwayoyin cuta ma a hoton littafi kawai ta san shi. Tana tsoron ba za ta samu makin shiga karatun likita ba, shin ta haƙura ne?

A'a ƙanwata, kada ki haƙura. Ki nemi likitancin da iyakar ƙarfinki, amma ki sani asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai ungozoma, akwai nas, akwai mai harhaɗa magunguna, da mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gashin ƙashi, da mai duba ido. Wasu daga cikin waɗannan karatunsu bai kai na likita tsawo ba, kuma ana iya ƙaro ilimi bayan an fara aiki. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, ungozoma take nema. Batun madubi kuma, ki roƙi malaminku ya nemo muku izinin ziyartar ɗakin gwaji na asibiti, ko sau ɗaya ne.

Ta uku gajeriya ce, daga wani uba. Ya ce ba shi da kuɗin jami'a, kuma ko ya samu, yana tsoron ɗansa ya tafi birni ya manta gida.

Baba, tsoronka ba na banza ba ne, kuma wasu ƙasashe sun haɗa matsalolin nan biyu sun yi musu magani ɗaya. A Japan an kafa jami'ar Jichi a 1972: ɗalibi ya yi karatun likita na shekara shida, a yafe masa kuɗin idan ya yi aikin shekara tara a inda jiharsa ta tura shi, ciki har da ƙauyuka da tsibirai. A Amurka, kwalejin likitanci ta Jefferson a Filadelfiya ta fara ware gurabe ga 'yan karkara tun 1974. A Afirka ta Kudu kuwa, asibitin Mosvold ya fara ɗaukar nauyin yaran yankinsa a 1999, su yi hutu suna aiki a asibitin, su dawo su biya da aikin shekara ɗaya a madadin kowace shekarar karatu. Shirin shi ne ya zama gidauniyar Umthombo.

Saboda haka Baba, kafin ka yanke hukunci, ka riƙe hannun yaron ku je wurin shugaban makarantarsa da ofishin lafiya na yankinku, ku tambaya ko akwai tallafin karatu irin wannan, da sharuɗɗansa, da ranar rufewa. Idan aka ba ku takardar yarjejeniya, a karanta muku ita tsaf, ku san shekara nawa zai yi da inda za a tura shi, kafin kowa ya sa hannu.

Lokaci ya ƙure mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.