Kalgo: itacen da muke sarewa kowace shekara, shi kuwa yana riƙe mana gona

Ku dubi ganyen kalgo da kyau. An raba shi biyu daga sama, kamar sawun raƙumi a kan rairayi. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ko Maraɗi, da ganinsa ya san kalgo ne.

Kalgo ɗan dangin wake da gyaɗa da ɗorawa ne, kuma kwansonsa ne shaida: dogo, mai faɗi, mai tauri kamar katako, 'ya'yan na jere a ciki. Furensa ƙanana ne, farare masu ɗan ratsin ja. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, akwai mace akwai namiji. Shi ya sa za ka ga kalgo biyu kusa da juna, wannan ya cika da 'ya'ya, wancan ko ɗaya babu.

Daga Senegal har Sudan ake samunsa. Yana son saura da gefen fadama da kwarin da ruwa kan kwanta na ɗan lokaci, amma bai ƙi jigawa ba. Iri biyu ne muke kira da suna ɗaya. Na arewa, wanda masana ke kira Piliostigma reticulatum, ganyensa ƙanana ne masu santsi. In ka gangara kudu inda ruwa ya fi yawa, sai ka haɗu da ɗan'uwansa mai manyan ganye da gashi-gashi ta ƙasansu, wanda kan tashi ya zama bishiya sosai.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin ƙasa, domin a can sirrin yake. Lokacin sassabe manomi ya sare shi ƙasa-ƙasa, ya tara ya ƙone. Kafin kaka, ga tofo ya sake fitowa kore shar. Kututturen bai mutu ba, saiwarsa ta yi zurfin da ta gero ba ta isa ba. Masu bincike a Senegal sun auna sun ga da dare saiwar kalgo da ta sabara kan jawo ruwa daga can ƙasa, su tsattsafo da shi kusa da sama, inda amfanin gona ke iya sha. Kalgo ba ya ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wato abincin shuka, kamar yadda wake ke yi, wannan gaskiya ne. Amma gindinsa na tare ƙurar da iskar hunturu ta kwaso, ganyensa ya zuba ya ruɓe a wurin. Ka tona da hannu a gindin kalgo, za ka ji ƙasar ta fi laushi, ka ga ta fi duhu.

Wannan ne manoman Maraɗi suka kama tun shekarun 1980, abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a share tofon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a gyara su, a bar su su tashi.

Ga kuma ɓawonsa, igiyar da ba a saye. Ka ɓare shi ɗanye, ka ɗaure damin dawa ko ka kama danga da shi. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, makiyaya kan tsince kwanson, a daka, a haɗa da dusa a ba shanu da awaki.

Gaskiya raina kan ɓaci in na ga an tone kututturen kalgo da saiwarsa don itacen girki. Wanda aka sare zai dawo da damina. Wanda aka tone ya tafi, kuma iska ce za ta fara kwashe ƙasar wurin.