Idan Ɗan Wasan Zamiyar Ƙanƙara Ya Janye, Wa Ke Cike Gurbinsa?

A ranar 13 ga Fabrairun 2014, a gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a birnin Sochi na ƙasar Rasha, Evgeni Plushenko, ɗan wasan zamiyar ƙanƙara na Rasha, ya shiga filin ƙanƙara domin ɗumama jiki, ya yi tsalle, ya dira da kyar yana dafe da bayansa. Da aka kira sunansa, sai ya zame a hankali zuwa wurin alƙalin gasa ya shaida masa cewa ba zai iya ba. Gurbi ɗaya tak Rasha take da shi a ɓangaren maza a wannan shekarar, kuma duk da cewa a gidanta ake gasar, kuma tana da matashi Maxim Kovtun wanda ya lashe gasar ƙasa watanni biyu kafin nan, haka gurbin ya tafi babu kowa a cikinsa. Masu kallo da dama sun yi ta tambayar abin da ya hana a sako Kovtun. Amsar tana cikin dokokin maye gurbi, kuma su ne za mu bi dalla-dalla a wannan shirin.

Hukumar da ke kula da wannan wasa a duniya ita ce ISU, wadda aka kafa a 1892, kuma mazauninta yana birnin Lozan na ƙasar Siwizalan. Ana fafatawa a ɓangarori huɗu: maza ɗai-ɗai, mata ɗai-ɗai, masu wasa bibiyu mace da namiji, da kuma masu rawar ƙanƙara, su ma bibiyu. Duk lokacin da wani ya janye, tambayar farko da jami'ai ke yi ita ce, gurbin nan na wane ne? A wata gasar mallakar ɗan wasan ne da ya samo shi da guminsa, a wata kuma mallakar ƙasarsa ne. Daga amsar wannan tambaya ake gane wanda za a kira.

Mu fara da jerin gasannin Grand Prix, waɗanda ake yi daga watan Oktoba zuwa Nuwamba. Gasanni shida ne, a Amurka, Kanada, Faransa, Sin, Japan da Finland, wadda ta karɓi matsayin Rasha tun daga 2022. Gayyata ake yi, kuma ba a ba ɗan wasa fiye da gasa biyu. Kowace gasa tana ɗaukar maza 12, mata 12, ƙungiyar bibiyu 8 da ta masu rawa 10 a mafi yawa, sannan ƙasar da ke karɓar baƙunci tana da damar sa nata har uku a kowane ɓangare. Idan wanda ya janye yana cikin waɗanda mai masaukin baƙi ta zaɓa daga gida, tana iya sako wani ɗan ƙasarta. Idan kuwa baƙo ne da aka gayyato, to ƙasarsa ba ta da ikon cewa ga wani nan ta aiko a madadinsa, domin gayyatar da sunansa aka yi ta. Sai a koma ga jerin masu jiran gurbi, wanda ake tsarawa bisa makin da 'yan wasa suka samu, tare da kiyaye ƙa'idar cewa ƙasa ɗaya ba za ta wuce mutum uku a ɓangare ɗaya ba. Idan janyewar ta zo a ƙurarren lokaci, yadda neman biza da tikitin jirgi ba za su yiwu ba, sai a bar gurbin haka, shi ya sa wani lokaci ake ganin mata 11 ko 10 a gasar da aka shirya wa 12.

A gasar ƙarshe ta Grand Prix, wadda ake yi a watan Disamba, lamarin ya fi fitowa fili. Wanda ya zo na ɗaya a kowace gasa yana samun maki 15, na biyu 13, na uku 11, haka ake sauka. Mutum shida da suka fi tara maki su ke zuwa gasar ƙarshe, na bakwai da na takwas da na tara kuma su zama masu jiran gurbi bisa wannan jeri, ko daga wace ƙasa suka fito. A 2017, Evgenia Medvedeva ta Rasha ta janye saboda tsagewar ƙashi a ƙafarta, gurbinta ya koma hannun Satoko Miyahara ta Japan, kuma a wannan gasar ta Nagoya Jason Brown na Amurka ya maye gurbin Jin Boyang na Sin. A shekarar da ta biyo baya Yuzuru Hanyu na Japan ya lashe gasanninsa biyu, amma raunin idon sawu ya hana shi zuwa Vancouver, aka kira Keegan Messing na Kanada. Japan ba ta da ta cewa a nan, saboda Hanyu ne ya ci gurbin da ƙafarsa.

Gasar cin kofin duniya, da ta nahiyar Turai, da ta nahiyoyi huɗu (ta ƙasashen da ba na Turai ba), da ta matasa ta duniya, tsarinsu dabam ne. A nan gurbi na hukumar wasan ta kowace ƙasa ne, ita ke zaɓar wanda za ta aika, kuma ita ke sauya shi idan ya janye. Amma akwai sharuɗɗa. Dole ne sunan mai jiran gurbin ya kasance cikin takardar da ƙasar ta miƙa tun kafin wa'adin rufe rajista. Dole ne ya riga ya samu mafi ƙarancin makin fasaha da ISU ta gindaya, a wata gasar ƙasa da ƙasa da hukumar ta amince da ita, domin makin gasar cikin gida ba ya shiga lissafi. Dole ne kuma shekarunsa su kai, kuma tun daga kakar 2024 zuwa 2025 shekara 17 ake nema a gasar manya, bayan shawarar da hukumar ta yanke a 2022 na ɗaga ta daga 15 mataki-mataki. Sharaɗin makin nan shi ne ya fi cutar ƙasashen da ba su da 'yan wasa da yawa, domin ƙasa tana iya riƙe da gurbi a hannu amma ta rasa wanda ya cancanci shiga cikinsa. A irin wannan hali ba a miƙa gurbin ga wata ƙasa, yawan masu fafatawa ne kawai ke raguwa.

Abin da ya sa ƙasashe ke ɗaukar zaɓen mai jiran gurbi da muhimmanci shi ne, sakamakon bana shi ke yanke yawan gurbin baɗi. A gasar duniya, idan aka haɗa matsayin 'yan wasa biyu mafi ƙwazo na ƙasa ya zama 13 ko ƙasa da haka, ta samu gurbi uku, idan bai wuce 28 ba, ta samu biyu. Abin da ya faru a Milan a watan Maris na 2018 ya isa misali. Hanyu ya janye bayan ya ci zinare a Olamfik, Takahito Mura da ke gaba a jerin masu jira ya yi ritaya, sai kira ya faɗo kan Kazuki Tomono, wanda bai taɓa halartar gasar duniya ta manya ba. Shoma Uno ya zo na biyu, Keiji Tanaka na 13, jimilla 15 ke nan, wadda da ta rage wa Japan gurbi ɗaya a gasar 2019 da za a yi a gidanta, a Saitama. Tomono ya zo na biyar, lissafi ya koma biyu da biyar, bakwai, gurbi uku suka tsira. A 2022 ma, a Montpellier ta Faransa, an sake kiransa bayan Hanyu da Kao Miura sun janye, ya zo na shida. A ganina, ba a yaba wa irin waɗannan 'yan wasa yadda ya kamata, domin mutum ne ke ci gaba da atisaye mai tsanani na makonni, yana faɗuwa yana tashi a kan ƙanƙara, alhali bai san ko wayar za ta shigo ba.

A Olamfik kuwa, gurbi na kwamitin Olamfik na ƙasa ne. Ana rabon mafi yawan guraben ne a gasar duniya ta shekarar da ta gabata, ragowar kuma a wata gasar share fage, wadda don wasannin 2018 da 2022 aka yi ta a garin Oberstdorf na Jamus. Idan ƙasa ta mayar da gurbinta, ko ta kasa tabbatar da shi a kan lokaci, sai a ba ƙasar da ke biye a jerin gasar share fagen. Haka ta faru da Koriya ta Arewa a 2017, lokacin da Ryom Tae-ok da Kim Ju-sik suka ci gurbin bibiyu amma wa'adin tabbatarwa ya wuce, aka miƙa shi ga Japan, sai daga baya kwamitin Olamfik na duniya ya ba su ƙarin gurbi na musamman a wasannin 2018 na Pyeongchang. Akwai kuma sharaɗin da babu shi a gasannin ISU, wato dole ne duk mai shiga ya zama yana da takardar zama ɗan ƙasar da yake wakilta, kuma a wasan bibiyu wannan ya shafi mace da namijin duka. A ko'ina kuwa, ana lissafa bibiyu a matsayin abu guda, idan ɗaya ya ji rauni duka sun fita, ba a ɗauko masa wani abokin wasa.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya rufe wa Kovtun ƙofa. A gasannin ISU, sauyi yana yiwuwa ne kafin a jefa ƙuri'ar da ke tsara wanda zai fara da wanda zai biyo baya. Da zarar an wuce nan, babu sabon shiga. A Olamfik ma akwai wa'adi, shi ya sa a 2022 Rasha ta iya sa Evgeni Semenenko a madadin Mikhail Kolyada kafin tafiya Beijin bayan an sami Kolyada da cutar korona, amma Vincent Zhou na Amurka, wanda gwajinsa ya nuna cutar bayan ya yi wasa a gasar ƙungiya, wadda ake haɗa makin 'yan wasan kowace ƙasa na ɓangarori huɗu, ya fita ba tare da an maye gurbinsa ba. Dokar tana da zafi, amma ina ganin tana da hujja, domin wanda aka ɗauko daga jirgi aka tura kan ƙanƙarar da bai taɓa gwadawa ba yana cikin haɗarin rauni, kuma da a ce ƙofar a buɗe take har ƙarshe, da ƙasashe sun riƙa ɓoye wanda za su fito da shi har sai sun ga hannun abokan hamayya.

Inda aka ɗan sassauta shi ne gasar ƙungiya, wadda aka fara a Sochi. Ƙasashe 10 ke shiga, biyar su wuce zagaye na biyu, kuma an yarda ƙasa ta sauya wakilanta a ɓangarori biyu tsakanin gajeren zagaye, wato na farko, da dogon zagaye, wato na biyu, muddin waɗanda za ta sako suna cikin tawagarta ta Olamfik. Rasha ba ta da namiji na biyu a tawagar 2014, saboda haka Plushenko, yana da shekara 31 da tiyatar kashin baya a jikinsa, shi ya yi zagayen biyu duka, ya taimaka aka ci zinare, kwana huɗu kafin bayan nasa ya gaza.