Me ya haɗa jirgin roka da jirgin da ba shi da inji?

Jama'a, ga wata tambaya da ke jawo musu: wai ta yaya za a koya wa mutum tuƙa jirgin roka da jirgin katako marar inji? Ku dubi jirgin rokar tukuna.

Messerschmitt Me 163 ke nan, ana ce masa Komet. A 1944 Jamus ta saka shi a yaƙi don tare jiragen Amurka masu ruwan bama-bamai. Yana ɗagawa sai ya yar da tayoyinsa a ƙasa, ya miƙe sama. Gudu kam ba a magana.

To ga inda ake ɓata lissafi. Man cikinsa bai wuce na minti bakwai zuwa takwas ba. Da ya ƙare inji ya mutu, sai iska ta ci gaba da ɗaukarsa. Kowace sauka haka take, ko da lafiya lau aka tashi. Babu taya, sai wani dogon abin zamewa a ƙarƙashin ciki da zai ja a kan ciyawa, da gudun wajen kilomita 200 a awa. Ka wuce filin? Ba damar zagayowa. Ka buga ƙasa da ƙarfi? Ragowar man na iya fashewa, man da har naman mutum yake ci.

Saukar nan ita ake koya wa matuƙan. Aka ɗauko Habicht, jirgin wasan sama marar inji da wani Bajamushe, Hans Jacobs, ya tsara a 1936. Faɗin fukafukansa mita 13.6, yana saukowa a natse kamar shirwa. Sai aka guntule su zuwa mita 8, wasu har 6. Guntun fiffike ba ya riƙe iska sosai, dole jirgin ya sauko a guje, ƙasa ta taso wa matuƙi kafin ya shirya. Da gangan fa aka ɓata jirgi mai kyau! Ni dai ko kyauta aka ce in hau na mita 6 ɗin nan, na yafe.

Ga sauran matakan horon: wani jirgi ya ja Komet ɗin da igiya ba mai, a cika tankinsa da ruwa don nauyi, sannan a kunna roka.

Japan ma ta kwaikwaya. Ta ƙera MXY8 marar inji don horo, jirgin rokarta kuma J8M. Ranar 7 ga Yuli 1945 ya yi tashinsa na farko, inji ya mutu yana cikin hawa, ya faɗi wajen sauka, matuƙin ya rasu.