Rawar Adowa da makaɗan da aka bari a gida

Rabi: Masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Kumasi ta ƙasar Ghana muka nufa. Yaya Sani, kai da ka tashi a Zango, da gaske raye-rayen Asante na neman ɓacewa?

Sani: Ƙanwata, na fada dai suna nan. Je ki Manhyia, fadar sarkin Asante, ranar bikin Akwasidae, da ake yi duk mako shida, ki ga rawar Kete da ta Fontomfrom a gaban sarkin, Otumfuo Osei Tutu na biyu. Adowa ce ke damuna, wadda ake yi wajen makoki. Yanzu gidaje da yawa lasifika suke haya, makaɗa na zaune a gida.

Malam Garba: To ai in kiɗan na tashi, rawa ba za ta tsaya ba.

Sani: Malam, a Adowa mai rawa da mai ganga hira suke yi. Mai atumpan, wato gangar da ke magana, yana kallonta, ya kira kirarin gidansu da gangar, ita kuma ta amsa da hannu. Ta ɗora hannaye a ka, baƙin ciki ke nan. Ta nuna sama, ta bar wa Allah. In ta burge, 'yan kallo su ɗaga mata yatsu biyu. Kaset ba ya ganin kowa, balle ya kira sunan kakanta.

Rabi: Na ga yara suna yi a makarantu, da kyau kuwa.

Sani: Suna yi, amma tambayi yarinyar me hannunta ya ce. Da yawa motsin kawai suka kwaikwaya.

Malam Garba: Shi ya sa nake ganin ƙimar aikin Mawere Opoku, masanin rawa, da Kwabena Nketia, masanin kiɗa. Tun 1962 suka kafa rukunin rawa na ƙasa a jami'ar Legon, suka zauna da tsofaffin makaɗa suka koya daga bakinsu.

Sani: Haka ne. Sai dai ko gangar ma, itacen tweneboa da ake sassaƙa ta da shi yana wahalar samu, an sare daji.

Rabi: Yaya, ba ka ambaci donno ba.

Sani: Wadda ake matsewa a hammata! In kika ji ta cikin Adowa, sai ki rantse kalangu ne. Mu yaran Zango ita ke fara jan kunnenmu in mun wuce gidan makoki ranar Asabar.

Rabi: To Malam, mako mai zuwa sai ka nemo mana mai kaɗa ta.