Amsoshin tambayoyinku: me zan ci kafin a leƙa hanjina da na'ura?

Jama'a barkanmu da warhaka, bari mu buɗe wasiƙar farko. Wani bawan Allah ne daga Gwaram ya rubuto, ya ce likita ya tura shi asibitin Malam Aminu Kano za a duba masa babban hanji da na'urar nan mai kyamara, kolonoskofi, an ba shi takarda da Turanci ya kasa gane ta, shi dai ya ji an ce kar ya ci abinci mai nauyi, to wai tuwon dawa yana ciki?

Malam sannu, Allah ya ba da lafiya. Eh yana ciki, shi ne ma na gaba. Ka ga kyamarar nan ido ce kawai, abin da ta tarar a hanji shi za ta nuna, in akwai ragowar bahaya ko dusa manne a jiki to ƙaramin tsiro zai iya ɓuya likita ya wuce shi bai gani ba, alhali shi ake nema tun bai zama ciwon daji ba. Shi ya sa kamar kwana 3 kafin ranar za ka ajiye duk abin da ke da dusa ko ganye ko 'ya'ya. Tuwon dawa da na gero, wake, ɗanwake, kwaɗon zogale da rama, miyar kuka, kuɓewa saboda 'ya'yanta, gyaɗa, riɗi, aya, dabino, har goro Baba a haƙura da shi. Ka koma farar shinkafa, taliya, farin burodi, dafaffen ƙwai, kifi ko kaza.

Ana gobe kuma ba abin taunawa sam, sai ruwan da in ka zuba a kofin gilashi kana hango gindin kofin. Ruwa, shayi ba madara, romon kaza da aka tace tas. Nan fa mutanenmu ke tuntuɓe wallahi. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, ya bi komai daidai amma da daddare uwargida ta tausaya masa ta dama masa fura da nono, a ganinsu ai abin sha ne ba abinci ba. Ya yi sammako ya biya kuɗin mota, ya sha wahalar maganin wankin ciki, aka saka na'ura ba a ga komai ba sai dusar gero, aka ce ya koma ya sake shiri. Har yau abin yana ba ni tausayi. Fura, kunu, koko, nono duk a'a. Zoɓo ma a'a, jan nan nasa yana iya kama da jini a ciki.

Sai wata Hajiya daga Ringim, ita tambayarta ko za ta ɗauki shirin gwajin nan kamar azumi ta ƙi shan ruwa. A'a Hajiya don Allah kar ki yi haka, maganin da za su ba ki zawo yake sakawa sosai, ga zafin garinmu, dole ki yi ta shan ruwa sai lokacin da suka rubuta miki ki tsaya. Ki shanye maganin duka ko da ba daɗi, za ki san ya yi in abin da ke fita ya koma ruwa-ruwa garau kamar fitsari. Kin ce kina da ciwon suga, to tun yanzu ki gaya wa likitan don ya gyara miki yadda za ki sha maganin sugan, kar sugan ya faɗi. Haka mai shan maganin ƙarin jini, galibi ana dakatar da shi kamar mako guda, mai shan na tsinka jini kuma kar ya daina da kansa sai likita ya ce. Ki tafi da ɗanki ko ƙaninki ya rako ki gida, don allurar da ake yi tana sa jiri da barci.