Wuƙar aljihu: mai riƙe kaifi ko mai sauƙin washi?

Sani: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa, yau ina tare da Malam Habu da Kabiru, kuma da ƙorafi na zo. Wuƙar nan ’yar ninke da na saya an rubuta D2 a jikinta, wata uku tana yanka igiya da kwali ba ta ce uffan ba, ranar da ta dakushe kuwa na kwana ina gurza ta a dutsen gidanmu, wallahi kamar ina shafa mata mai.

Malam Habu: Ai ba laifin hannunka ba ne Sani. D2 ƙarfen yin kayan aikin masana'anta ne, sinadarin kabon a cikinsa wajen kashi 1.5 cikin 100, na kiromiyam wajen kashi 12, su biyun nan suna haɗuwa su zama ’yan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen. Su ke sa kaifin ya daɗe, su ne kuma ke hana dutsenka ci. Dutse mai garin daimon za ka nema.

Kabiru: Malam ka bari ya faɗi abin da ya yi bayan nan mana.

Sani: Hmm, na kai wa mai injin washi a kasuwa. Tartsatsi na ta tashi ina murna, da ya miƙo min sai ga tsinin ya yi shuɗi.

Malam Habu: Innalillahi, ai ya ƙona ta. Shuɗin nan zafi ne ya sassauta taurin da aka ba ƙarfen, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Shi ya sa ake tsoma ta a ruwa akai-akai.

Kabiru: Ni kam wuƙata ƙirar Opinel ta Faransa mai ƙarfen kabon ta ishe ni, eh tana tsatsa in na yanka lemo na manta ban goge ba, tana kuma saurin dakushewa, amma minti biyu a dutse ta dawo tana aske gashin hannu.

Malam Habu: Ni ma ɓangarenka nake gaskiya. In za ka wasa wuƙa, ka kwantar da ita a kan dutse kamar digiri 20 kowane gefe, kar hannu ya riƙa rawa, ka yi ta gogawa har ka ji wani ɗan siririn leɓe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen in ka shafa da babban yatsa, sannan ka juya. Ƙarshe ka ja ta a fata, baya-baya, yadda wanzami ke wa askarsa kafin ya taɓa kanka.

Sani: To tawa fa Malam, a jefar?

Malam Habu: Kawo ta gobe bayan la'asar, amma ka taho da haƙuri, za mu daɗe.