Majalisar yanki da gwamna: wa ke riƙe da me a Arewacin Kamaru?

An gabatar da wannan lacca a wani taron 'yan kasuwa da matasa a Garwa. An ɗauke ta a waya, daga baya aka rubuta, an kuma rage gaishe-gaishen farko.

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa, assalamu alaikum. Tambayar da aka ce in amsa yau ita ce: majalisar yankin nan da ake ta faɗa a rediyo, mece ce aikinta, kuma ina ta bar gwamna?

Manyanmu da ke zaune a gaba sun san lokacin da Arewa duka lardi ɗaya ce. Daga Ngaundare har bakin tafkin Cadi gwamna ɗaya ne, kuma a nan Garwa yake zaune, garin shugaba Ahmadu Ahijo. A 1983, shekara ɗaya bayan Paul Biya ya karɓi mulki, aka raba lardin gida uku: Adamawa da hedkwata a Ngaundare, Arewa a Garwa, Arewa Mai Nisa a Marwa. A 2008 lardunan ƙasar goma suka koma yankuna. Namu na Arewa gunduma huɗu gare shi: Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey. Adamawa biyar, Arewa Mai Nisa shida.

Tsarin da kowa ya sani shi ne na naɗi. Gwamna a kan yanki, perefe a kan gunduma, sufurefe a ƙarƙashinsa. Dukansu daga Yawunde ake naɗo su, can suke kai rahoto, kuma takarda ɗaya ta isa a ɗauke mutum daga garin Gidar a kai shi kudu. Tsaro da jandarma da izinin taro duk a wannan layin suke.

Majalisar yanki layi ne na dabam. Kundin tsarin mulkin 1996 ne ya ce a kafa ta, amma ba a yi zaɓenta na farko ba sai ranar 6 ga Disamba 2020. Shekara 24 ke nan tana kwance a takarda. Yaron da aka haifa a shekarar da aka rubuta ta, kafin ta zauna ya yi aure.

Kowace majalisa kujera 90 gare ta, wa'adinta shekara biyar. Kujera 70 na wakilan gundumomi ne, 20 na sarakunan gargajiya. To a nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Da ni da ku ba ma jefa ƙuri'a a zaɓen nan. Wakilai 70 ɗin kansilolin ƙananan hukumomi ne ke zaɓensu. Sarakuna kuma su ke zaɓen 'yan uwansu, lamido da lawan da jauro, waɗanda hukuma ta amince da naɗinsu bisa darajoji uku na dokar 1977. Ke nan ranar da aka yi zaɓen meri, wato ƙaramar hukuma, kai kuwa ka ce ciniki ya fi, ka zauna a shago, ka yar da ƙuri'a biyu ne a lokaci ɗaya: ta magajin gari da ta majalisar yanki. Ku dubi 2020. Jam'iyya mai mulki, RDPC, ta ɗauki yankuna tara, amma Adamawa ta tafi hannun UNDP ta Bello Buba Maigari. Ba wani sihiri a ciki. Kansilolin da jama'a suka zaɓa a watan Fabrairun shekarar su ne suka yi wannan aikin a Disamba.

Me aka ba majalisar? Dokar 24 ga Disamba 2019 ta rarraba ayyuka. Firamare, ƙaramin asibitin unguwa, rijiya da kasuwa, na meri ne. Gina lise da sauran makarantun sakandare da gyaransu, kula da manyan asibitocin yanki, hanyoyin yanki da tsarin raya tattalin arzikinsa, waɗannan na majalisa ne. Babbar hanyar da ta taso daga Ngaundare ta ratsa Garwa ta wuce Marwa kuwa ta gwamnatin tsakiya ce. Na sha ganin mutanenmu sun yi ayari, an sa manyan riguna, an je ƙofar sufurefe a kan rufin ajin da iska ta yaye. Zai karɓe ku da mutunci, a ba ku kujera, sakatare ya buga hatimi a takardarku ya sa ta cikin fayil. Amma ba shi ke da kasafin wannan aikin ba. Wata shida sai ku ce hukuma ta ƙi ku, alhali ƙofa kuka ɓata.

Kada kuma in sa ku zaci majalisar ta zama gwamnati mai cin gashin kanta. Ba ta zama ba. Gwamna shi ne wakilin ƙasa a yanki, shi ke sa ido a kan abin da majalisa ta zartar, kasafin kuɗinta ba ya aiki sai ya amince. Babban sakataren da ke tafiyar da ofisoshinta ma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. An ba ta ɗaki, amma makullin yana aljihun wani.

Sai kuɗi, inda gizo ke saƙar. Dokar 2019 ta ce abin da za a ware wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A farkon tafiyar, abin da aka ware wa kowane yanki biliyan 3 ne na sefa, kowa daidai. A ganina wannan daidaiton bai yi wa Arewa adalci ba. A ƙidayar 2005 Arewa Mai Nisa ta haura mutum miliyan 3, namu yankin ya kusa miliyan 1.7, yankin Kudu kuwa bai kai 700,000 ba. Ga ambaliyar kogin Logon kusan kowace damina, ga 'yan gudun hijirar da Boko Haram ta koro a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. Yaya za a auna musu da mudu ɗaya? Duk wanda ya taɓa sayen siminti da rodi a kasuwar nan ya san inda biliyan 3 za ta tsaya in aka raba ta gunduma huɗu.

Duk da haka akwai abin da dokar ta ba ku wanda ban ga ana amfani da shi ba. Mazaunin yanki ko mai biyan haraji a cikinsa yana da ikon neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, kuɗin kwafin kawai zai biya. Ƙungiyar 'yan kasuwa irin taku, in ta sa matasa biyu masu Faransanci su karanta kasafin su fassara wa dattawa, za ta san wace lise aka yi wa alkawarin aji nawa, kuma wa za a tambaya in damina ta wuce ba a aza tubali ba.

A nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, mu Hausawa da kakanninmu suka zo fatauci, muna da kujera a ciki kuwa?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Kujeru 70 ɗin ba a hana ɗan ƙasa ba. Doka ma ta ce jerin 'yan takara ya nuna al'ummomin da ke zaune a yankin, kuma a sa mata. Shugabancin majalisar ne kundin tsarin mulki ya keɓe wa ɗan asalin yanki, kujerun sarakuna ma haka. Amma jerin sunayen a ofishin jam'iyya ake rubuta shi, kuma mai rubutawa kansiloli yake ƙirgawa. Unguwar da ba ta da kansila ko ɗaya ba ta da abin ciniki a teburin. Kansila kuwa ba ya samuwa sai da katin zaɓe, katin zaɓe sai da katin ɗan ƙasa, shi kuma sai da takardar haihuwa, wadda yara da yawa a unguwanninmu ba su da ita. Wanda bai yi wa ɗansa ba a kan lokaci, sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ke maye gurbinta, sannan ya koma meri a rubuta. Ofishin hukumar zaɓe, ELECAM, yana buɗe rajista daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta kowace shekara.